Sallar da ba gawa

Malam,

Sallama irin wadda ba a amsawa. Na san ba mai kai maka takardar nan, kai da ke kwance a maƙabartar Jidda. Amma wa zan faɗa wa? Da ranka ma ba ka cika sauraro ba, sai dai ka gyaɗa kai kana jan carbi, to yau ma gyaɗa.

An kashe shugaban ƙasarmu a can gida. Yaƙin basasar da muka yi ta bi a rediyonka ya ƙare, mutane sun fara sakin jiki, sai wasu sojoji suka tare motarsa da safe suka buɗe mata wuta. Duk unguwarmu ta Nuzla ta girgiza. Har Bayamanen da ke sayar mana da burodi ya yi mini ta'aziyya, bai san abin da ke damuna ba.

Ɗanka yana barikin da maharan suka fito. An kwashe su duka, mai hannu da marar hannu. Wani ɗan Zariya da ya zo Umra ya ce ya ji an harbe waɗanda aka kama, an zuba su rami ɗaya ba wanka ba salla. Da na tambaye shi ko ya gani da idonsa, sai ya kama kallon takalminsa. Ji ya yi, kamar yadda kowa ke ji.

Kai ka tura shi, Malam. Ka ce yaron da aka haifa a Jidda, Hausarsa duk Larabci, gara ya je ya san tushensa. Ya je ya san tushe har ya sa kaki. Ranar da ka raka shi tashar jirgin ruwa ban ce uffan ba, ka ɗauka na yarda. Ban yarda ba. Ɗan fari ne, kunya ta hana ni ko riƙe masa hannu a gaban 'yan'uwanka. Na ji haushinka ƙwarai, na kuma ci gaba da dafa maka tuwo.

Shekaranjiya na je ofishin jakadancinmu. Ma'aikacin ya tambayi sunansa. Ka san tun da na haife shi sunan nan bai taɓa fita bakina ba. Na waiga, ba kowa a bayana da zai faɗa a madadina. Sai na ce Haruna, da ƙarfi, a gaban baƙi. Mutumin ya duba, ya ba ni haƙuri, ya ce babu labari tukuna.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Gobe bayan Juma'a za a yi wa shugaban sallar ga'ib, wadda ake yi wa mamacin da gawarsa ke nesa. Liman Sani, amininka, ya aiko a tambaye ni ko a haɗa da yaron. Ya ce in da gaske an binne shi ba salla, to mu ne kawai muka rage masa a duniya. Matar yaron, Saudatu, tana nan ɗakina, ta cire 'yan kunnenta ta riƙe a hannu, tana jiran in ce ta shiga takaba. Maƙwabta har sun fara tara tabarmin zaman makoki a gidan maƙwabciyarmu Asabe, wai don kada in gani.

In na ce a yi, alhali yana numfashi a wani kurkuku, ba na binne ɗana da ransa ba ke nan? In na ce a'a, alhali yana cikin ramin nan, wace irin uwa ce ke barin ɗanta ya tafi kamar ba Musulmi ba? Tsoro nake ji, Malam.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kai ka san amsar. Ko yana wurinka, ko ba ya nan. Kullum kai ne mai yanke magana a gidan nan, yau da nake roƙon ka yanke, ka yi shiru.

To na yanke. Na aika wa Liman ya sallaci shugaban shi kaɗai. Na ce wa Saudatu ta mayar da 'yan kunnenta. Ba zan yarda ya mutu ba sai wanda ya gani da ido ya zo ya tsaya a ƙofata.

In kuwa na yi kuskure, yana gefenka yanzu, ka ce masa ba mantawa na yi da shi ba, kasawa na yi.

Allah Ya kai haske kabarinka. Sai na zo.

Matarka,
Hajara, daga Nuzla