Wadda Ba Ta Ji

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Allah ya ƙara muku ƙoshin lafiya, ya sa albarka a aikin jinyar nan naki da ya hana ki zuwa hutun ƙarshen shekara. Mu nan sai godiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma yawonsa na safe, Mama tana nan da faɗanta a kan masu barin famfo a buɗe. Goggo ta riga mu isowa, ta kame ɗakinki na da. Yaya Dogo ya zo da matarsa da ɗansu, wanda ya girmi 'yata da wata guda. Ita kuwa 'yar taki, da Baba ya laƙaba wa Kumatu, ta shiga wata na biyar, ta yi ɓul-ɓul, duk wanda ya ɗauke ta sai ya koka da hannu.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, don a waya kin iya kewaye ni, ki ja ni da zancen sanyin garinku har mu yi sallama ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Akwai abin da nake zargi, Yaya, kuma ina jin da hannunki a ciki.

Kin san yadda na ɗokanta da hutun nan, shi ne na farko da zan shiga gidanmu da goyo. Abban Kumatu ya cika mota da kayan jaririya kamar masu ƙaura, har Baba ya tambaya ko mun saki gidan hayar ne. Ranar farko an sha dariya, ana ta karɓe-karɓen yarinya, ni kuma ina ta cika baki cewa 'yata ba ta da rigima, ko janareta aka tayar a gefen tagarmu ba ta motsi. Daga washegari ne gidan ya sauya mini. Goggo, wadda ko kofi ban taɓa ganin ta fasa ba, ta koma mai sakin murfin tukunya, kuma ba ya suɓuce mata sai ina tsaye a kicin da yarinya a kafaɗa. Baba yana zaune lafiya sai ya ƙure rediyo, ya rage, ya ce hannunsa ne ya zame. Yaya Dogo ya riƙa zagayowa ta bayan kujerata yana kaɗa makullan mota. Mama kuwa ta mayar da gindin tankin ruwa wurin amsa waya, da na doso sai ta yi sallama da sauri. Na leƙa wayar sau ɗaya, Allah ya yafe mini, sunanki na gani. Sai ga ƙunshin saƙonki ya iso, na buɗe da murna, ba ko safa guda, duk kayan wasa ne masu ƙara, wannan kacau-kacau, wancan ƙararrawa.

Rannan da hantsi ina shanya a bayan kicin, na ji muryar Goggo ta taga. Tana gaya wa Mama cewa yarinyar nan ba ta ji, ita tun ranar da muka iso ta lura. Mama ta ce ita ma ta gani, amma kada a yi mini maganar yanzu, a bari hutu ya wuce, kuma ke ma haka kika ba da shawara. Na tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu, raina ya ɓaci ƙwarai. Wa ake ce wa ba ta ji a gidan nan in ba ni ba? Da wannan kalmar kuka raine ni. Na hau bishiya, ba ta ji. Na ƙi makarantar da aka zaɓa mini, ba ta ji. A satin nan ma na ƙi a ba Kumatu ruwa, na ƙi a lulluɓe ta da bargo biyu, na ce ba haka aka koya mana a asibiti ba. Sai na ƙudurta cewa taron dangi aka yi mini, ana tsegumin kunnen ƙashina, har da ke daga nesa kina ba da umarni.

Na ɗaure fuska, na shige ɗaki na fara ninke kaya. Duk wanda ya miƙo hannu zai ɗauki yarinya sai in ce barci take ji. Na gaya wa Abban Kumatu mu tafi a ranar, ya ce in yi haƙuri a ci abincin taron yamma tukuna, yana maganar yana kallon takalminsa. Shi ma na saka shi cikin waɗanda nake zargi, na ce an saye shi da naman da Mama ke tsame masa.

Da yamma aka shimfiɗa babbar darduma a falo, kowa ya zauna, Kumatu tana kan cinyata tana kallon fanka. Matar Yaya Dogo ta taso da faranti cike da kofunan gilashi, ƙafarta ta harɗe da gefen darduma, farantin ya tarwatse a kan tayil dab da bayana. Wannan kam ba shiri ba ne, don har ta yanke a yatsa. Na zabura, Baba ya yi salati, ɗan Yaya Dogo ya tsandara ihu har yana shiɗewa. Da na ɗago, sai na ga ba mai kallon gilashin. Kowa cinyata yake kallo. Na sunkuya na duba, Kumatu tana nan yadda take, tana yi wa fanka murmushi, ko ƙifta ido ba ta yi ba. A nan maganar Goggo ta dawo mini, na gane ba da ni take ba. Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Mama ce ta matso ta dafa bayana. Daga baya na tsare Abban Kumatu a ɗaki, ya amsa cewa shi ma ya daɗe yana laɓewa a bayan ƙofa yana kiran sunanta in na shiga wanka, ya kasa gaya mini don ya ga yadda nake alfahari da barcinta. Goggo ta ce wai so suka yi in ci hutuna na farko da daɗi. Ban san ko in gode musu ko in yi fushi ba, har yanzu ina yin duka biyun.

Saura ke. Ina zargin tun bidiyon nan da na tura miki kika gane, wanda iska ta bugo ƙofa ina cikin ɗauka har wayar ta kusa faɗuwa daga hannuna. Na sake kallonsa, ita ko gezau. Kin amsa mini da cewa ta yi kyau, sai kika kira Mama. In haka ne, ki faɗa mini. Kuma ki gaya mini gaskiya irin ta ma'aikaciyar jinya, kada ki lallashe ni: me za su yi mata a gwajin, zai yi mata zafi, kuma in an samu abin da muke tsoro, me ake yi tun tana ƙarama haka? Da hutu ya ƙare za mu kai ta wurin likitan kunne, Mama ta ce ƙafarta ƙafata. Wataƙila ruwa ne ya toshe, wataƙila ba shi ba ne. Na zazzage kayan da na ninke. Ina nan ina yi mata waƙa kamar kullum, sai dai yanzu nakan ɗora tafin hannunta a maƙogwarona, ita kuma ta yi ta dariya.

Ki gaishe mini da maigidanki, da yaranki Babban Mutum da 'yar Baƙa, ki ce musu ƙanwarsu ta gode da ƙararrawa, tana son launinta. Baba da Mama da Goggo suna gaishe ku, Yaya Dogo ya ce ki turo masa man zafin da kika yi alkawari. Ki sa Kumatu a addu'a. In Allah ya sa wata rana aka ce ba ta ji, ya zama irin nawa ake nufi.

Ƙanwarki,
Auta