Gidan Rediyo Mai Taku Biyar

Litinin, 3 ga Maris

Ni, Babban Daraktan gidan rediyon Tamanin da Takwas da Ɗigo Ɗaya, na buɗe wannan kundi saboda tarihi. Ma'aikatana ba su da yawa, amma ba wanda ya taɓa yin gulmata a cikinsu. Masu saurarenmu kuwa, a halin yanzu mutum ɗaya ne. Kawuna.

Ga yadda aka kafa gidan. Kawu direban tasi ne, motarsa ta girme ni nesa ba kusa ba. Rediyonta mai kaset ne, kuma watan jiya ya haɗiye kaset ɗin karatun da Kawu yake ji tun ina goye. Sai na ɗauko wata 'yar na'ura daga rumbun kayan aikinmu, wato teburin caja da ke bakin tasha, na cusa ta a ramin kunna sigari. Waya tana kama ta ta bulutut, ita kuma ta tura sautin cikin rediyo, in dai an murɗa shi kan lambar da babu kowa. Ƙarfinta taku biyar ne. Ka ƙara ɗaya, sai shuuu.

Allah ya sani karatu na yi niyyar sa masa. Amma da ya ce, "Wannan kuma mene ne, ja'iri?" sai bakina ya riga ni. "Caja ce, Kawu."

Talata, 4 ga Maris

Kawu bai yarda da waya ba, wai akwatin ƙarya ce. Amma abin da rediyo bai faɗa ba, a wurinsa bai faru ba.

Na shiga ɗakin ajiyar Inna, matarsa, na lulluɓa da bargo, na toshe hanci, na ɗauki murya. Da safe kamar kullum ya ɗauke ni da kwalin kayana zuwa tasha, ina kujerar baya. Muna hawa titi na danna a cikin aljihu.

"Muna miƙa gaisuwa ga direban nan mai shuɗiyar tasi, wanda ƙofarsa ta baya ba ta buɗuwa sai da addu'a."

Birkin da ya taka, kwalina ya kife. "Ka ji? Ni ne! Wallahi ni ne!" Sai kuma ya waiwaya ya kalli ƙofar. "To wa ya kai musu maganar ƙofa?"

Na cusa kai cikin kwali ina tsince cajoji. Haƙarƙarina har yanzu ciwo suke.

Laraba, 5 ga Maris

Yau mun yaba wa hularsa. Ya gyara mata zama a madubi sau uku.

Alhamis, 6 ga Maris

Labari ya kawo kansa har ofis.

Teburina yana jingine da tulin tsofaffin tayoyin Mai Faci. Shi da Kawu shekara talatin suna zama a benci ɗaya da rana, kofin shayi ɗaya ma suke juyawa, suna zagin juna. Yau na sunkuya ina neman wani kebul, sai na ji Kawu ya sauke murya. Ni kuwa in aka sauke murya kunnena tashi yake.

Wai idonsa na hagu yana yi masa hazo. Wai jiya ya tsaya wa turken wutar lantarki, ya yi masa hon, ya ce "Ina zuwa?" Ya zaci fasinja ne.

Mai Faci ya ce ya je asibiti. Kawu ya ce asibiti rubutawa za su yi, takarda kuma ƙafa gare ta, in ta kai wurin Ciyaman na direbobi, cire shi zai yi daga layi. "Kai kaɗai na gaya wa. Ko Innar yara ba ta sani ba."

Turken lantarki! Na ciji hannun rigata.

Juma'a, 7 ga Maris

Mun watsa. "Ana roƙon direbobi su daina yi wa turakun lantarki tayin mota, ba su da kuɗin biya."

Na jira dariya, ko zagi. Ya kai hannu ya kashe rediyon. Haka muka isa tasha. Ƙeyarsa kawai nake kallo.

Bai gane barkwancin ba ne. Tsofaffi.

Asabar, 8 ga Maris

Da rana Mai Faci ya share rabin bencin da tsumma, ya ɗaga kofi. Kawu ya wuce ta gabansa kamar bai ga mutum ba, ya je ya zauna cikin mota, gilashi a rufe, cikin wannan zafi.

Lahadi, 9 ga Maris

Yana bin direbobi ɗaya ɗaya, wai ko sun ji wani abu a rediyo shekaranjiya. Kowa ya ce bai ji ba. Ya dawo gida yana cewa sun haɗa baki ne, kunyarsa suke ji. Ciyaman ya ce masa "Sannu da ƙoƙari," ya wuni yana juya kalmar. "Wane ƙoƙari? Me ya ga ina ƙoƙarinsa?"

Inna ta tambaye ni ko wani abu ya faru a tasha. Na ce zafi ne. Ta daɗe tana kallona. Matar nan tun ranar da na sa mata ƙwaro na roba a cikin kwano ba ta sake yarda da ni ba.

Gidan rediyo yana hutun gyaran na'urori.

Litinin, 10 ga Maris

Mai Faci ya leƙo ta saman tayoyi. "Mai caja, me na yi wa kawunka?"

Na ce ban sani ba, Baba.

"Ba ka sani ba." Ya goge hannu da tsumma, yatsa ɗaya ɗaya, idonsa a kaina. "Da ubansa na zaga, da na san dalili. Kullum ina zaginsa ai, bai taɓa fushi ba."

Ya sani ne? In ya sani me ya hana shi faɗa? Ko jira yake in kawo kaina. Malaminmu na allo haka yake yi, ya ajiye bulala a gabansa ya ci gaba da lazimi, har mai laifi ya fashe da kuka don kansa.

Talata, 11 ga Maris

A hanya, ba tare da ya waiwayo ba, Kawu ya ce, "Tashar nan taka mai kunya ce. In na ajiye ka, ba ta ƙara cewa komai sai shuuu."

Taka. Cewa ya yi taka. Ko ban ji daidai ba?

Can kuma: "Ƙofar ofishinsu ma tana son mai. Kukanta ɗaya da na ɗakin ajiyarmu."

Na koma na saurari na ranar Juma'a a kunne. Ga ta nan, ƙiiii, daidai inda iska ta turo ƙofar. Innalillahi.

To in ya gane ni ne, me ya sa bai cire takalmi ba? Me ya sa har yau ba ya kula Mai Faci?

Laraba, 12 ga Maris

Na ɗauki sanarwar neman afuwa. Da muryar Darakta, don ta fi fita. Tana cikin waya. Yatsana ya je kanta sau biyu.

Tayar baya ta dama tana sace iska tun shekaranjiya. Maimakon ya kai wa Mai Faci, taku goma daga layi, sai ya aro famfon ƙafa yana bugawa da kansa. Gumi har gemu.

Alhamis, 13 ga Maris

Ban danna ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Tayar ta kwanta gaba ɗaya, a bakin ƙofar tasha, ina cikin sauke kwalina. Kawu ya tsaya yana kallonta. Ba wanda ya kira Mai Faci, sai ga shi da jak da sifana. Ya durƙusa bai yi sallama ba. Kawu ya ce wa iska, "Ban kira kowa ba." Mai Faci ya ce wa tayar, "Ba don kowa na zo ba, hanya aka tare."

Makulli yana jiki, rediyo yana shuuu. Ina cikin taku biyar. Na danna.

"Hukumar wannan gida tana baƙin cikin sanar da cewa Daraktanta ba kowa ba ne illa…"

Kawu ya zura hannu ta taga ya fizge na'urar daga raminta. "Wannan na sani tun Talata. Ban da hancinka, wa ke da irin wannan muryar? Abin da nake so in ji," sai ya nuna ƙeyar Mai Faci, "a nawa ya sayar maka da sirrina? Ko kyauta ya ba ka don ku yi dariya?"

Ashe nan ne ciwon. Sanarwar da na kwana biyu ina riƙo ba ta ma taɓo wurin ba.

Babu bargo, babu toshe hanci. Muryata ta fito 'yar ƙarama, kamar ranar da na fara biya karatu gaban malam. Na ce ba wanda ya gaya min, Kawu. Laɓe na yi a bayan tayoyi. Na maimaita masa har maganar takarda mai ƙafa. Na ce kuma ranar Litinin Ciyaman ya zo ya tambayi Baba Mai Faci me ya sa ka rage gudu kwanan nan, Baba ya ce masa injin ne ya tsufa, direban lafiyarsa ƙalau. Wannan ma laɓe na yi na ji.

Wani mai babur yana ta hon a bayanmu.

Mai Faci bai ɗago ba. "Miƙo min sifana, makaho."

"Kai ne makaho. Ga ta ƙarƙashin gwiwarka."

Ya kwance tayar, ya liƙe ta, ya mayar. Amma da ya zo kan notuna, sai ya ɗaure ɗaya, suka tura motar gefe, sauran ya zuba a aljihu. "Waɗannan suna wurina sai ka kawo min takardar asibiti. Shekara talatin ina yi maka faci, ba zan yi maka na fasinja ba."

Kawu ya zage shi tas. Sannan ya bi shi benci.

Ni ko kallona bai yi ba. Da ya cire takalmin ma da ya fi min.

Litinin, 24 ga Maris

Ashe yanar ido ce, an cire ta ranar Alhamis. Ni na riƙe masa jaka a asibiti, don ba wanda yake da lokaci, ba wani abu ba. Shi da kansa ya gaya wa Ciyaman. An ajiye masa layinsa.

Likita ya hana shi tuƙi tukuna. An kawo motar ƙofar gida, notuna sun cika. Kullum da safe nakan tayar da ita don kada batir ya mutu, shi kuma ya fito da filasta a ido ya zauna a gaba. Shekaranjiya ya ciro na'urar daga aljihunsa ya ajiye a kan cinyata. Na cusa ta, na sa masa karatu, irin muryar da ke cikin kaset ɗin nan. Na kwana uku ina nemanta. Leɓɓansa suna bi.

Kwana goma yana kirana "kai". Yau da karatun ya tsaya don na matsa wajen famfo, ya ɗaga murya: "Dawo cikin taku biyar ɗinka, ja'iri."

Wata sanarwa ta zo min a kan filastar nan, mai kyau ƙwarai, da Mai Faci ya ji sai ya faɗo daga benci. Ban ɗauka ba. Wayata ba caji.

Af, saboda tarihi. Babu wani Darakta. Wanda ya rubuta kundin nan ɗan ƙanwar Kawu ne, mai teburin caja a bakin tasha, wanda karatunsa na allo ne, boko kuma a waya ya tsince shi. Na ma janye teburin daga jikin tayoyin. Rana ce take dukan kayana a wurin.