Sababbin farantan saboda Baba

Yaya,

Na wuce aiki kina barci.

Jiya da ba kya nan, farantin tangaran ya sake suɓuce wa Baba ya fashe, kin san yadda hannunsa ke rawa. Kunya ta hana shi ƙarasa abinci, wai ya ƙoshi. Da yamma na biya kasuwa. Mai shagon ya fyaɗa wani faranti da ƙasa sau biyu a gabana, ko tsagewa bai yi ba, ga shi ba nauyi. Na ɗauko shida, suna ƙarƙashin teburin kicin.

Don Allah ki zuba wa kowa a ciki, kar a ware Baba, zai gane. In ya tambaya, ki ce ni ce na ga masu fulawa na rikice. Ya san halina.

Auta