Takardar da Na Zaro a Jakar Bronagh

Belfast, 3 ga Maris

Yaya Eamon,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taka? Ya Anti Nuala da yara? Mu nan lafiya lau, in ka cire ni.

Ka san tun da aka yi sulhu bayan dogon rikicin nan aka raba mulki tsakanin ɓangarori biyu, ba sanarwar da gwamnati za ta fitar sai mai ba da shawara na ɓangarenmu da na ɓangarensu sun sa hannu tare. Namu matata ce, Bronagh. Nasu wani dogon banza ne, Alastair, ɗan unguwar nan da muka taso ko hanyarta ba ma bi. Wuni guda suke yi a ɗaki ɗaya a kan rubutu layi huɗu! Jiya ina zuba mata shayi, take ce min wai Alastair ba ya sa sukari. Ina ruwana da sukarinsa? Shekara goma sha huɗu ina soya wa matar nan dankali, ban taɓa samun irin dariyar da take masa a waya ba. Kishi nake, Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

A gaida kowa.

Ƙaninka,
Malachy

Belfast, 19 ga Maris

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni kam na tafka ta.

Na ga daftarin sanarwar rushe katangar da ta raba unguwanninmu a jakar Bronagh, da sa hannunta ita kaɗai. Na tura wa wani ɗan jarida, wai don a ce Alastair ne ke jan ƙafa, ya sha kunya, su ɓata. Ashe fitar da takarda mai hannu ɗaya cin amana ne. Ɓangarensu suka ce ko a kori Bronagh, ko su fice daga gwamnati.

Sai ga Alastair a gaban 'yan jarida, ya ce shi ya manta takardar a motar haya, ya ajiye aikinsa. Gwamnati ta tsaya, Bronagh ta tsira.

Ta san ƙarya ya yi, don kwafi ɗaya ne, kuma daga gidanmu ya fita. Ko murya ba ta ɗaga min ba. Ta ce shekara uku tana zama da abokin gaba, bai taɓa buɗe mata jaka ba. Tun ranar Talata tana gidan mamarta, ba ta ɗaga wayata.

Abin takaicin, Yaya, yau na fi jin kishinsa. A da zargi kawai nake ya fi ni, yanzu na gani da idona.

Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Malachy