Ƙarshen Labarin Yana Hannun Sabo

Ƙanina Habibu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya Kumasi, yaya aiki? Mu nan sai godiya, albasa ta yi kyau.

Ka san ni, ba da karatun labari na gina gidana ba. Shi ya sa da ka aiko littafin mai haƙar rijiyar nan, na yage shafukan ƙarshe na ƙunsa wa maƙwabcina Sabo irin albasa. Daga baya na buɗe littafin ina ban ruwa, wallahi har fangali ya cika ya malale ban sani ba.

Ranar Juma'a a majalisa ana ta faɗin littafin da ya fi daɗi a bana, na ce babu kamar nawa. Sabo ya yi dariya ya ce, "To Alhaji, mai haƙar rijiyar ya samu ruwan? Ni dai na karanta ƙarshen a ƙunshin iri. Roƙe ni in faɗa maka."

Habibu, ni ba zan roƙi Sabo ba. Kai ka karanta shi, don Allah ka rubuto mini: mutumin nan ya samu ruwan?

Ka gaishe da iyali, a sa mu a addu'a.

Yayanka,
Garba