Sulhun da Baba Ya Ƙulla

Aujara,
12 ga Nuwamba, 2000.

Zuwa ga Yaya Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu, da fatan kana lafiya kai da iyali a Ikko. Ubangiji ya ƙara kiyaye ku. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi, an kuma gama yankan gero. Zuciyata ce dai a cike, kuma Babanka ne sanadi.

Ka san Malam Jaji, makiyayin nan na bayan gari. Shanunsa suka shiga gonar coci suka ci dawa. Samarinmu, ƙanenmu Dauda a gaba, suka ce sai an kai shi wurin 'yan sanda, don tun da aka fara shari'ar Musulunci a jihar nan kowa a tsorace yake, in aka yi shiru an raina mu ke nan. Baba, da yake dattijon ikilisiya ne, ya ɗau sandarsa ya tafi ruga shi kaɗai. Shi da Malam Jaji suka shirya yadda kakanni ke yi: bayan girbi shanu su kwana a gonar su ci kara, su bar mana taki.

To, ka ji abin da ya ta da ƙura. Rabin coci suka ce Baba ya sayar da mu, har sun daina gaishe shi. Can ma 'yan'uwan Malam Jaji sun sa shi gaba, wai ya zama ɗan gidan Kirista. Mai raba faɗa dai shi ke shan duka, amma ban taɓa ganin dukan ya fito daga cikin gida ba. Na yi wa Baba faɗa, na ce ai da ya nemi shawara. Ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi, ya ce Almasihu bai taɓa yi mana alkawarin za a yi wa mai sulhu tafi ba. Abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan.

Yaya, ka rubuto wa Dauda, maganarka yake ji. Kwana goma sha ɗaya ke nan bai ci tuwo da Baba ba. Kullum Baba yakan ci gefensa na akushi, ya rufe ɗaya gefen da faifai, ya ce kada a taɓa.

Ka gaida Anti Rifkatu da su Murna. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Saratu