Kwamfutarku Ta Ce An Gama, Ni Kuwa Ina Kan Sanda

Zuwa ga Manajan kamfanin haɗa ƙafa da hannun roba,
Zariya.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka, Allah ya sa haka.

Sunana Isyaku Lawal, malamin firamare, mazaunin Kwarbai a cikin birnin Zariya. Na rubuto maka a fili ta jarida ne saboda na yi ta neman ganinka ban dace ba. Kullum ko ka tafi Kaduna, ko kana taro. Kuma abin da ya same ni ba ni kaɗai ya shafa ba.

Na farko, yadda na zo hannunku.

Bara, gab da faɗuwar damina, wata tifa mai ɗauke da yashi ta banke ni a kan kekena kusa da Ƙofar Kibo, ina hanyar makaranta. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma dole aka yanke ƙafata ta hagu ƙasa da gwiwa. Likitan ya ce in gode wa Allah da gwiwar ta tsira, domin mai gwiwa yana tafiya da ƙafar roba har a kasa ganewa. Da dungun ya warke, shi ya turo ni wurinku.

Ba zan ɓoye alheri ba, an karɓe ni da mutunci. Malam Ado, mai haɗa ƙafa, ya durƙusa a gabana, ya naɗa wa dungun farin siminti ya ɗauki siffarsa. Yana wanke hannu ya ce da ni: "Malam, dungu ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum tsukewa yake. Da zarar an haɗa ƙafar ka zo a gwada, kada ka bari ta daɗe a ajiye." Daga nan Malama Rabi, wadda ke zaune a gaban kwamfuta, ta shigar da sunana ta ba ni kati mai lamba. Ta ce yanzu an daina barin mutane su shiga ɗakin aiki, duk abin da mutum ke son sani game da aikinsa, kwamfuta za ta faɗa masa. Har cikin raina na ji daɗi, na ce ci gaba ya zo mana.

Na biyu, kalmar "ana aiki".

A kwamfutarku kalmomi uku ne kawai na Turanci ke nuna matsayin aiki, ma'anarsu ita ce: an karɓa, ana aiki, an gama. Na haddace su saboda yawan leƙen gilashin kwamfutar. Tawa ta tsaya a kan ta tsakiya.

Yallaɓai, ina so ka san abin da zuwa wurinku yake nufi ga mutum irina. Lungunmu mota ba ta shiga. Sai na dogara sanduna biyu cikin caɓi har bakin titi, sannan in tsaya jiran acaɓa a wannan wahalar mai da ake ciki, in ya zo kuma a kama ni a ɗora kamar buhu. Akwai ranar da sanda ta zame na faɗa kwata, matan maƙwabta suka leƙo suna salati, yaran da nake koyarwa suna kallo. Na koma gida na sake tufa na sake fitowa. Da na iso aka ce an ɗauke wuta, kwamfuta ba ta tashi ba, in dawo gobe. Gobe ta yi, aka danna lambata, aka ce ana aiki.

Damina ta ɗauke, kaka ta wuce, sanyi ya shigo, muka yi azumi, amsa ba ta canza ba. Na roƙi a bar ni in ga Malam Ado ko da daga bakin ƙofa ne, aka nuna mini sanarwar da ke manne da sa hannunka.

Bayan ƙaramar sallah na je jana'izar wani dattijo a Ƙofar Jatau. An idar da sallah ana shirin ɗaukar gawa, sai na ji an dafa kafaɗata. Malam Ado ne. Ya dubi sandunana, ya dubi wandon da na naɗe, fuskarsa ta canza. Ya ce: "Malam Isyaku, me ya hana ka zuwa? Ai ƙafarka tun kaka take kan kantar ɗakin aiki, har ƙura ta hau ta."

A wurin na nemi dakali na zauna.

Ga abin da ya faru, kamar yadda ya bayyana mini. An umarci ma'aikata kada su danna "an gama" sai mai ƙafa ya karɓa ya fita da ita. To, ƙafar da aka haɗa take jiran mai ita ya zo gwaji, ina za a sa ta? Babu gurbinta. Sai ta ci gaba da zama "ana aiki", tare da wadda ba a ko yanka robarta ba. Shi Malam Ado yana ciki yana zaton an gaya mini na ƙi zuwa. Ita Malama Rabi tana waje tana karanta abin da gilashi ya nuna mata. Bango ɗaya ne tsakanina da ƙafata duk waɗannan watanni, ina zuwa ina komawa.

Na uku, kalmar "an gama".

Washegari na je gwaji. Abin da Malam Ado ya faɗa tun farko shi ya tabbata: dungun ya tsuke, yana lilo a cikin kwarmin ƙafar. Ya cusa safa a kan safa, ya ce in gwada takawa a gida, idan na ji zafi in dawo. Ina fita da ita aka danna "an gama".

Ba a jima ba robar ta goge mini fata, wurin ya yi bororo, ya fashe ya zama gyambo. Na dawo da ƙafar a hannu. Malama Rabi ta danna lambata ta ce aikin a rufe yake, kuma kwamfuta ba ta da wurin rubuta cewa ƙafa ta dawo gyara. Sai dai a buɗe mini sabon aiki, in koma ƙarshen layi, in kawo sabuwar takardar likita. Na je wurin likita, ya kwance bandejin, ya duba ciwon. Sannan ya ce babu maganar awo sai ciwo ya warke, kuma idan ya ci har ya kai ƙashi, za su hau sama da gwiwa.

Yallaɓai, tun ranar ba ni da sukuni. Kowace safiya maiɗakina Hajara takan kwance bandejin ta wanke wurin yadda aka koya mata a asibiti, kuma kafin ta yar da tsohon sai ta kai shi hancinta, domin likita ya ce idan wari ya canza mu taho nan take. Ni kuwa fuskarta nake kallo, ba ciwon ba. Zuwa yau, alhamdu lillahi, bakin gyambon ya fara haɗewa, amma likita bai ce mun fita daga haɗari ba. Motar yashi ta bar mini gwiwa, yanzu ina neman rasa ta saboda kalmar da ba a rubuta a kwamfuta ba.

Na huɗu. Wannan kalma ba ta tsaya a ofishinku ba, ta bi ni har wurin aikina. Shugabannina sun rubuto muku suna tambayar halin da nake ciki, kuka aika musu da takardar da kwamfuta ta buga, mai cewa an gama. Sai ga takardar tuhuma har gida: an ba ka ƙafa, me ya hana ka komawa aji? An ce idan sabon zangon karatu ya fara ban dawo ba, za a yi mini ritaya. Na sa ƙafar a buhu na kai ofis, na ajiye ta a kan tebur, na ɗaga wandona. Jami'in ya kawar da kai ya ce: "Malam, ni na gani da idona, amma takarda ce ke shiga fayil." Ina da iyali, ina da mahaifiya tsohuwa a ɗaki, kuma koyarwa ce kaɗai sana'ar da na iya.

Na biyar, abin nan yana da gyara, kuma gyaran yana hannunka.

Da farko na zaci haka Turawa suka ƙera kwamfutar, ba ta san komai ba sai kalmomi uku. Maƙwabcina Alhaji Sabo, mai maɗaba'a, shi ya fitar da ni daga wannan zato. Da na ba shi labari ya sa aka kai ni shagonsa, ya kunna tasa. Irin tsarinku ne sak. Ya ce shi ma da kalmomi uku aka kawo masa, amma akwai wurin da mai kamfani ke shiga ya ƙara matakan da suka dace da sana'arsa, ya sa musu sunan da ya ga dama, ya jera su bi da bi. Na ga nasa da idona: jiran takarda, jiran mai littafi ya duba kurakurai, jiran ɗinki, jiran bango. Kowace safiya kwamfutar na fito masa da ayyukan da suka daɗe a mataki ɗaya, ya aika a kira masu su. A gabana ya ƙara wani sabon mataki don in gani, shayin da aka zuba mini bai huce ba ya gama.

Na koma na tambayi Malama Rabi ko taku tana da wannan wuri. Ta ce akwai, amma ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri, kuma kai kaɗai ke riƙe da ita. Idan mai buga kalanda da katin biki ya ga ya dace ya bambanta aikin da ke jiran takarda da wanda ke jiran bango, ina ga wanda ke haɗa abin da ɗan Adam zai taka?

Don haka ga roƙona.

Ka zauna da Malam Ado da abokan aikinsa, su lissafa maka matakan da ƙafa ke bi, ka shigar da su yadda suke. Ni ba masani ba ne, amma daga abin da jikina ya koya mini, bai kamata a rasa waɗannan ba: an ɗauki awo, ana jiran kaya, ana haɗawa, an haɗa, ana jiran mai ita ya zo gwaji, yana gwajin tafiya a gida, ta dawo gyara. Kada a danna "an gama" sai mutum ya dawo da ƙafafunsa biyu ya ce ta zauna masa.

Duk aikin da ya shiga matakin jiran gwaji, kada a jira mai shi ya zo tambaya. A aika masa, ta hannun mai unguwa ko direban motar garinsu ko sanarwar rediyo. Idan ya daɗe bai zo ba, a sake awo kafin a sa masa.

A buɗe aikina a inda ya tsaya, kada a mai da ni ƙarshen layi, domin ba ni na bar layin ba. A kuma rubuta wa ofishinmu gaskiyar halin da nake ciki kafin a koma makaranta, da sa hannunka.

Ina roƙonka kada ka huce a kan Malama Rabi ko Malam Ado saboda wannan wasiƙa. Ita abin da ta gani ta karanta, shi kuma umarni ya bi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi sauran gaggawa. Ranar da na shiga ɗakin aiki gwaji, na ga ƙafata ba ita kaɗai ba ce a kan kantar. Akwai wasu a jere, an gama haɗa su, kowace da sunan mai ita a ɗaure. A cikinsu na karanta sunan Malam Tanimu, wani manomi daga ƙauyukan hanyar Giwa da muka sha zama a benci ɗaya a ƙofarku. A bayan akori-kura yake zuwa, ya wuni, a ce masa ana aiki, ya yi godiya ya koma. Ganina da shi na ƙarshe kafin azumi ne. Ya ce da ni: "Malam, ni na gaji da hanya. In sun gama sa neme ni." Na je tasha na yi cigiyarsa ban samu wanda ya san ƙauyen ba. Na roƙi a aika masa daga ofishinku, aka duba gilashi aka ce ai nasa ana aiki.

Sunan ƙauyensa yana cikin kwamfutarku. Damina na tafe, yana da gona, kuma dungunsa na tsukewa yanzu haka da kake karanta wannan takarda. Ni dole in jira ciwona ya warke, shi babu abin da yake jira sai saƙonku. Ka aika masa yau, kafin ka waiwayi nawa.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya yi wa kamfaninka albarka, ya tsare ka da iyalinka daga irin wannan jarrabawa. Allah ya bar maka ƙafafunka har ƙarshen rayuwarka.

Wassalam.

Naka,
Isyaku Lawal,
Kwarbai, Birnin Zariya.